Yadda ake bin diddigin kiranye da ƙorafe-ƙorafen ƙaramar jif 'yar Amurka kafin kuɗi su bar hannu

Ranar da kawuna ya kawo wata ƙaramar jif 'yar Kwatano gida, maƙwabta suka taru ana ta sa albarka. Fenti yana ɗaukar ido, kujeru ko ƙura babu. Na ce a buɗe mini bonet. Abin da idona ya fara sauka a kai batir ne, ɗan ƙarami wanda bai cika mazauninsa ba, an ɗaure shi da tsinken robar taya, ƙarfen da ya kamata ya danne shi yana reto a gefe. Na sa yatsa na tura, ya gusa. Na ce, "Kawu, wa ya saka wannan?" Ya ce, "Haka na same ta, ɗana. Ai bugu ɗaya take tashi."

Tashi kam tana tashi. Sai dai irin wannan zaman na batir ne ya sa a watan Nuwamba na 2023 kamfanin Toyota ya yi wa ƙaramar jif ɗinsa RAV4 ƙirar 2013 zuwa 2018 kiranye a Amurka, motoci kimanin miliyan 1.85. Bayanin da kamfanin ya bayar shi ne, wasu baturan da ake canzawa samansu bai kai na asali faɗi ba. In ba a ɗaure madannin da kyau ba, aka sha kwana da ƙarfi, batirin zai gusa, kansa mai wuta ya taɓa ƙarfen madannin, daga nan sai tartsatsi, sai gobara.

Kiranye a harkar mota shi ne kamfani ya amsa cewa akwai lahani a wani rukunin motocinsa da zai iya jawo haɗari, ya kira masu su su kawo a gyara kyauta. A Amurka hukumar kiyaye haɗurran hanya ta tarayya, NHTSA, ita ke sa ido. Doka ta ba kamfani kwana 5 na aiki ya sanar da hukumar da zarar ya tabbatar da lahanin, da kwana 60 ya aika wa masu motocin wasiƙa. Wasiƙar tana zuwa ne adireshin wanda sunansa ke kan rajistar can. Motar da aka yi gwanjonta, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas ko Kwatano, ta ƙare a wani filin sayar da motoci a Kano ko Maraɗi, babu mai aiko mata da komai. Kai za ka nemo wasiƙar da kanka, kuma bai fi aikin minti goma a waya ba in ka san hanya.

Mataki na farko: samo lambar shasi, da idonka

Lambar shasi, wadda takardun waje ke kira VIN, haruffa ne da lambobi guda 17. Tun 1981 haka tsarin yake. Tsaya a wajen motar ta ɓangaren direba, ka leƙa ƙasan gilashin gaba, za ka ga ɗan ƙarfe a kan dashbod da lambar a jiki. Sannan ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar. Na uku, takardar kwastam. Dole ukun nan su zo ɗaya, harafi da harafi. In da mai na'urar sikanin a kusa, ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, domin kwamfutar motar ma tana riƙe da lambar. Duk inda aka sami saɓani, ciniki ya ƙare a nan, ko da dillali ya rantse da abin da zai kashe shi.

Ka ɗauki hoto maimakon kwafa da hannu. In kuwa dole ka rubuta, ka sani babu harafin I, babu O, babu Q a lambar shasi. Abin da ya yi maka kama da O sifili ne.

Kafin ma ka shiga intanet lambar za ta faɗa maka wasu abubuwa. Harafin farko yana nuna inda aka ƙera motar: 1, 4, 5 ko 7 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya ta Kudu. Shi ya sa za ka ga RAV4 da yawa sun fara da 2T3, wato a Kanada aka haɗa su ko da a Amurka aka sayar, wasu kuma JTM, 'yan Japan. Wanda ya fi amfani shi ne harafi na 10, shi ke nuna shekarar ƙira: H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. Wannan harafin ne ke tona asirin motar da aka yi wa kwaskwarima, aka canza mata fitilu da bamba ta koma kamar 'yar bana, alhali ta girmi abin da ake faɗa da shekara huɗu. Tun da kana bakin ƙofar, ka ɗauki hoton takardar nan gaba ɗaya. Akwai wata da shekarar da motar ta fito daga masana'anta a jiki, za ka buƙace su can gaba.

Mataki na biyu: gano kasuwar da aka yi wa motar

Inda aka ƙera daban, inda aka sayar daban. Takardar bakin ƙofa in ta ambaci dokokin tarayyar Amurka, 'yar kasuwar Amurka ce. In ka ga tambari mai ganyen nan na tutar Kanada, 'yar Kanada ce, sai ka nemi bayaninta a shafin ma'aikatar sufurin Kanada ko shafin kamfanin na can. Wadda ta zo daga Dubai ko Turai, ko aka saye ta sabuwa a nan, rumbun Amurka ba zai san da ita ba. Ita sai ka kai lambarta wurin wakilin kamfanin na ƙasarka.

Mataki na uku: saka lambar a shafin hukumar

Ka buɗe nhtsa.gov/recalls, ka rubuta haruffa 17 ɗin a akwatin bincike. Kyauta ne, ba a neman suna ko katin banki. Duk shafin da ya ce ka biya kafin ya nuna maka kiranye, ba wurin ba ne. Sakamakon zai nuna shekara da samfurin motar, ka fara tabbatar sun dace da wadda ke gabanka, sai adadin kiranyen da ba a gyara ba.

A nan mutane ke yin tuntuɓe. Mutum ya ga sifili ya ce alhamdu lillahi, mota lafiya lau. Sifilin yana nufin babu kiranyen da ke jiran gyara a kan wannan lambar a yau, iyakarsa ke nan. Ba ya nuna waɗanda aka riga aka gyara. Ba ya nuna wanda aka sanar kwanan nan, kamfani bai gama tantance lambobin da abin ya shafa ba. Ba ya komawa baya fiye da shekara 15, sai in kamfanin ya ga dama. Kuma ba ya nuna gyare-gyaren da kamfani ke yi a kashin kansa ba da sunan kiranye ba. Saboda haka ka sake saka lambar a shafin kamfanin, kamar toyota.com/recall ko recalls.honda.com, domin a can wasu irin waɗannan suke fitowa.

Mataki na huɗu: binciki samfurin gaba ɗaya

A shafin hukumar dai, maimakon lambar shasi ka rubuta shekara da sunan mota, misali 2019 Honda CR-V. Zai raba maka mai jan gaba da mai jan ƙafa huɗu, ka zaɓi taka. Abubuwa huɗu za su fito: duk kiranyen da aka taɓa yi wa wannan ƙirar, ƙorafe-ƙorafen masu ita, binciken da hukumar ta buɗe, da sanarwar da kamfani ke aika wa garejinsa.

Kowane kiranye yana da lamba. Wadda ta fara da 23V, alal misali, tana nufin kiranyen mota ne na shekarar 2023. A ƙarƙashinsa akwai takardu da za ka iya saukewa. Ka nemi rahoton da kamfani ya miƙa wa hukuma, shi ne ke faɗin mene ne lahanin, motocin da aka ƙera daga wace rana zuwa wace rana ya shafa, da yadda za a gyara. Nan hoton takardar bakin ƙofa zai yi maka rana. Sau da yawa kiranye bai shafi dukkan 'yan shekara ɗaya ba, sai waɗanda aka haɗa a wasu watanni ko a wata masana'anta. In watan motarka ya faɗa ciki, lambar shasinta kuma ta nuna sifili, to mai yiwuwa an gyara ta tun tana can, abin da ya rage ka tabbatar da ido.

Ga wasu da ya kamata mai neman ƙaramar jif ya san da su. Famfon mai na cikin tanki ya ba kamfanoni biyu ciwon kai. Toyota ta yi kiranyensa a 2020, har da wasu RAV4 na 2019 da 2020, Honda kuma a Disamban 2023 ta kira motoci kimanin miliyan 2.5, ciki da CR-V na 2018 zuwa 2020. 'Yar farfelar roba da ke juyawa a cikin famfon ce ke shan mai ta kumbura, ta riƙa gogar jikin famfon har ta tsaya. Alamarsa inji ya riƙa shaƙewa, fitilar gargaɗi ta kama, ko motar ta mutu ana tsakiyar gudu. A wajenmu da zarar mota ta yi haka, sai a ɗora wa gidan mai laifi, a ce an sha gurɓataccen mai, a zuba maganin wanke nozul a ci gaba da tafiya. Wani lokacin gaskiya ne. Amma mutuwar inji kana ƙoƙarin wuce tirela a hanyar Kaduna zuwa Zariya ba abin gwaji ba ne, a duba lambar tukuna.

A Oktoban 2024 Honda ta sake kiran motoci kusan miliyan 1.7, har da CR-V na 2023 zuwa 2025, saboda sitiyari mai cijewa. Wani haƙori a akwatin sitiyarin ne ke kumbura, giris ya yi ƙaranci a tsakani, sai direba ya ji sitiyarin ya ɗan maƙale kafin ya saki. Gyaran shi ne canza wani sifirin da ƙara giris.

Wanda ya fi ba ni tsoro na Hyundai Tucson ne, wasu 'yan 2016 zuwa 2021. Na'urar birki ta ABS ce ke tsatsa daga ciki, wuta ta haɗu, kuma hakan kan iya faruwa ko motar tana kashe. Kamfanin da kansa ya ce a riƙa ajiye su a waje, nesa da gini, har sai an gyara. Ka tuna yadda muke kwana da mota: cikin gida, an ja get an kulle, jikin tagar ɗakin yara, ga janareta da jarkar fetur a gefe.

Mataki na biyar: karanta ƙorafe-ƙorafe da hankali

Wannan sashen yana da daɗin karatu, yana kuma ruɗarwa. Kowa na iya shigar da ƙorafi, kuma ana wallafa shi ba tare da an tabbatar da gaskiyarsa ba. Yawan ƙorafi shi kaɗai ba hujja ba ne. RAV4 an sayar da fiye da 400,000 a Amurka a 2019 kawai, dole masu kuka da ita su fi na motar da ba a sayar da ko kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Abin da za ka nema shi ne maimaici. Shafin yana rarraba ƙorafin bisa sassan mota, inji, birki, sitiyari, wayoyin wuta, jakar iska. Buɗe sashen da ya fi tara mutane, ka karanta ashirin ko talatin. In mutanen da ba su san juna ba, daga jihohi daban-daban, suna ba da labari iri ɗaya, a kusan tafiyar mil ɗaya, to akwai magana. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ka lissafa ka gwada da abin da ke kan mitar motar da kake so. Kowane ƙorafi yana nuna ko an yi karo, ko gobara, ko rauni. Goma masu gobara sun fi ɗari biyu masu kukan rediyo nauyi. Wanda Turancin ya yi wa tsauri, manhajar fassara ta waya tana isa a gane inda aka dosa.

Daga nan ka duba ko hukumar ta buɗe bincike. Lambar da ta fara da PE binciken share fage ne, EA kuma an zurfafa zuwa na injiniyoyi. Misali, a Fabrairun 2022 hukumar ta buɗe bincike kan CR-V na 2017 zuwa 2019 bayan masu ita sun yi ta kukan cewa birkin gaggawa yana kama kansa alhali babu komai a gaba, a 2024 kuma ta ɗaga binciken zuwa mataki na gaba. Bincike ba hukunci ba ne, amma ya ishe ka sanin abin da za ka sa wa ido in ka fita gwajin tuƙi.

Akwai kuma matsalar da kowa ya sani amma ba ta zama kiranye a Amurka ba. CR-V na 2017 da 2018 mai injin lita 1.5 mai turbo ta yi suna wajen gangarowar fetur cikin baƙin mai, musamman a wuraren sanyi da gajerun tafiye-tafiye. A Sin an yi kiranye a kai a 2018, a Amurka kuwa sabunta manhajar inji da ƙarin wa'adin garanti aka yi. Irin wannan a sashen sanarwar kamfani ga gareji za ka same shi. Gwajinsa mai sauƙi ne: zaro sandar awon baƙin mai, in ya haura alamar sama kuma yana warin fetur, ka yi tambaya. Ni a ganina wannan sashen na sanarwa ya fi kowanne amfani ga bakanikenmu, domin hanyar gyaran da kamfani ya yarda da ita ce a rubuce, wani lokaci har da hotuna da lambobin kayan gyara.

Mataki na shida: in an sami kiranyen da ba a gyara ba

In motar tana can ba ta hau jirgi ba, ka yi sa'a. A Amurka gyaran kiranye kyauta ne a garejin wakilin kamfani ga motar da ba ta wuce shekara 15 ba, kuma ba a tambayar ko kai ne ka saye ta sabuwa. Ka ce wa mai sayo maka ya kira garejin da lambar shasi, ya ji ko kayan gyaran sun iso, ya kai ta kafin a loda. Zai yi ƙorafin ɓata lokaci da kuɗin ja. Ka biya. In mai haɗari ce daga kamfanonin gwanjon motoci irin su Copart ko IAA, wadda ba ta ko tashi, ya faɗa musu gaskiyar halin da take ciki tun a waya, ya ji ko za su karɓa. Bayan gyara ya turo maka takardar aikin, ka sake duba shafin bayan 'yan kwanaki ka ga ko kiranyen ya sauka.

In kuwa ta riga ta iso, dokar Amurka ba ta bin mota ƙetare. Duk da haka ka je wurin wakilin kamfanin na nan da lambar shasi da lambar kiranyen a buge a takarda, ka tambaya ko za su yi, kyauta ko da kuɗi, ka nemi amsar a rubuce. In ba ta yiwu ba, ka sauke takardar umarnin gyaran, ka kai wa bakaniken da ke da haƙurin karatu, ku nemi kayan da lambarsu. A nan a yi hattara da kayan Beljiyam. Famfon man da aka ciro daga wata motar 'yar shekara ɗaya da taka, ko a Ƙofar Ruwa ka saya ko a Panteka ko Ladipo, yana iya kasancewa daga cikin masu lahanin, ka ga an gudu ba a tsira ba. Sabo mai lambar da takardar ta ambata shi ne gyara.

Wasu gyaran ba su da tsada ko kaɗan. Batirin kawu, rewaya muka kai wa. Na ce, "Malam, batir daidai mazauninsa muke so, a mayar da madannin, a sa murfin roba a kan mai wutar." Ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, ai kowa haka yake yawo da ita." Ya dai yi, cikin rabin awa. Wasu kuwa, kamar sabunta manhajar kwamfutar mota, sai da na'urar kamfani, kada ka bari mai sikanin na bakin titi ya yi maka gwaji a kai. In takardar ta ce a ajiye mota a waje, a ajiye ta a waje. In ta ce kada a tuƙa, a jingine ta.

Wanda bai saya ba tukuna, kiranyen da ke buɗe makamin ciniki ne. Nuna wa dillali a wayarka, ku lissafa kuɗin kaya da na aiki, a cire daga farashi.

Abin da shafin ba zai gani ba

Da yawa daga cikin jif ɗin da ke zuwa mana masu ƙarancin shekaru sun taɓa yin karo, shi ya sa farashinsu ya sauko har muka iya saya. Rumbun kiranye bai san abin da fanel bita ya yi ba. Ka murɗa makulli ko ka danna maɓalli ba tare da ka tayar da inji ba, ka zuba wa fitilar jakar iska ido. Ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ko an rufe shi. Ko ta yi daidai ma, a sa na'ura a duba, a kuma lura da murfin tsakiyar sitiyari da na gaban fasinja ko an liƙe su da gam. A 2024 NHTSA ta yi gargaɗi kan jabun na'urorin hura jakar iska da ake sakawa a motocin da suka taɓa haɗari, waɗanda suka yi sanadin mutuwar mutane a can. Ka rubuta lambar shasin a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna fitowa, ka ga ko jakunkunan sun fashe. Rahoton Carfax ko AutoCheck na kuɗi ne, amma yana nuna tarihin haɗari da mil ɗin da aka rubuta a baya.

Bayan saye

Kiranye yakan zo a makare. Na batirin RAV4 ya fito ne shekara 10 bayan ƙirar farko da ya shafa. Saboda haka ka ajiye lambar shasin a wayarka, ka riƙa sake dubawa sau biyu a shekara, ko ka sauke manhajar hukumar mai suna SaferCar ka saka lambar, ita za ta sanar da kai in wani sabo ya fito. In motar ta yi maka wani abu mai haɗari, ka rubuta ranar, da abin da mita ke nunawa, da gudun da kake yi, ka ɗauki hoto kafin bakanike ya taɓa, ka kuma karɓi tsohon kayan da aka cire ka adana. Shafin hukumar yana da wurin shigar da ƙorafi da lambar shasi. Wanda ya sayi motarsa sabuwa daga wakilin kamfani a Najeriya kuwa, wurin wakilin zai fara kai kuka a rubuce, in ba a saurare shi ba ya wuce hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Takardun gyaran duka a haɗa su da na kwastam a ambulan ɗaya, ranar da za ka sayar da motar ka miƙa wa mai saye tare da makulli.